Kafin A Ce "Nawa Ne?": Tsokaci A Kan Cinikin Ƙaramar Bindiga

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata 'yar hira ce da ta haɗa ni da wani ƙanena, ɗalibin jami'a, a teburin wani mai shayi a Samaru bayan sallar isha'i. Muna zaune sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi yadda ake rayuwa a inda aka yarda mutum ya kare kansa." Hoton bidiyo ne na wani Ba'amurke yana zagaya shagunan sayar da bindigogi. Ya shiga wannan ya tambayi farashin wata ƙaramar bindiga, ya juya ta a hannu, ya taya, a ƙi sallama masa, ya fita ya nufi na gaba, kamar dai yadda ni da kai za mu zagaya kasuwar Sabon Gari muna neman shadda ko wayar hannu. Da muka gama kallo sai ƙanen nawa ya sassauta murya ya ce ai akwai wani da ya yi masa alkawarin samo masa makamanciyarta, har ya yanka masa kuɗi, shi kuma abin da yake nema a wurina shawara ce a kan nawa ya kamata ya taya, tun da an san ni a gida da iya ciniki. Na ajiye kofin shayina, domin na ga magana ta wuce ta raha.

Bari in fara da bayyana wa mai karatu irin bindigar da ake magana a kai, saboda samarinmu da yawa sun san hotonta ba su san labarinta ba. Ita ce wadda na ga ya dace a kira ta bindiga mai sauya riga. Mafi shahara a irinta ita ce P320 ta kamfanin SIG Sauer, wadda rundunar sojan Amurka ta zaɓa a watan Janairun 2017 ta sa mata suna M17, ta maye gurbin Beretta M9 da suke riƙe da ita tun 1985. Hikimar ƙirarta ita ce akwai wani ɗan ƙarfe a cikinta wanda ke ɗauke da kunama da sauran abin da ke sa ta tashi, kuma a jikinsa ake buga lambar shaida. A dokar Amurka wannan ɗan ƙarfen shi ne bindigar. Sauran kuwa, wato mariƙi da bututu da murfin sama, duk riga ce, mutum na iya cire su ya sa wasu, ya mayar da ita babba ko ƙarama, ya zaɓi mariƙin da ya dace da tafin hannunsa. Wanda ya taɓa ganin makanikai sun ɗora tsohon inji a sabon bodi ya fahimci abin da nake nufi.

Shi kuma cinikin da ke cikin bidiyon ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Manyan shaguna a can farashinsu a rubuce yake, ba a cika tayawa ba, ƙananan kuwa akan samu rangwame, musamman idan bindigar ta hannu ce ko kuma mai saye zai biya kuɗi hannu. Idan mai shago ya ƙi rage kuɗi sai a nemi ya ƙara kube ko kwalin harsashi, wato dai abin da mu muke kira gyara. Na yi murmushi da na ga haka, domin ashe har a can ana cewa albarka, da nasu harshen.

To amma akwai abin da mai ɗaukar bidiyon bai tsaya ya nuna ba, domin a wurinsa sananne ne. Shagon da ya shiga yana da lasisin gwamnatin tarayya. Kafin a miƙa masa bindigar sai ya nuna katin shaida, ya cika takarda ya sa hannu, a bincika sunansa a rumbun bayanan da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998, kuma shago ba ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba. Mai shagon zai ajiye takardar da ke haɗa lambar bindigar da sunan wanda ya saya. Gaskiya ne a jihohi da dama mutum na iya sayar wa ɗan'uwansa a gefe ba tare da wannan bincike ba, kuma wannan na daga cikin abin da Amurkawa ke ta jayayya a kansa shekara da shekaru. Duk da waɗannan matakai, a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu da kansu. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi na ƙarshe, zan dawo kansa.

Yanzu mu dawo gida. Ka ɗauki ƙafa tun daga kasuwar Samaru, ka bi ta Kwangila, ka ratsa PZ har ka shiga tsakiyar kasuwar Sabon Gari, za ka sami mai sayar da adda da gatari da wuƙa da tocilan, amma ba za ka sami shago ko ɗaya da ya jera ƙananan bindigogi a gilashi yana jiran mai tayawa ba, kuma dalili shi ne doka. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma ake aiki da ita har yau, ta raba bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharba, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta ta zamani, wannan sai Sufeto-Janar. Fistol da libarba kuwa, dokar ta jera su ne a rukunin haramtattun makamai, sahu ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, babu mai ikon ba da izinin mallakarsu sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da irinsu ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. A 2023 ma Sufeto-Janar na lokacin ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Saboda haka duk wanda ya ce wa ɗalibi a Samaru zai samo masa fistol, ya sani ba daga shago za ta fito ba, ba kuma da rana za a yi cinikin ba.

A nan ne na ce wa ƙanen nawa ya fara karatun daga ƙarshen littafi. Mu da muka tashi a kasuwa mun saba da cewa tambaya ta farko ita ce "nawa ne?", amma malaman fiƙihu ba haka suka jera babin ciniki ba. Wanda ya zauna a zaure a cikin birnin Zariya ya ji ana biya Mukhtasar na Shehu Khalil zai tuna cewa kafin a je ga batun rangwame sai an duba abin da ake ƙulla cinikin a kansa. Sharaɗi ne ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda za a iya miƙa shi, wanda aka san shi aka san kuɗinsa, kuma wanda ba a hana sayar da shi ba. Idan ɗaya ya faɗi, cinikin ya ɓaci, ko da an sallama maka a rabin kuɗi.

Kada wani ya ɗauka ina ƙyamar tayawa. Ciniki halal ne, neman ragi kuma ba rowa ba ce. Manzon Allah (SAW) da kansa ya taya raƙumin Jabir ɗan Abdullahi (RA) a hanyarsu ta dawowa Madina, Jabir ya gindaya sharaɗin zai hau shi har gida, da suka isa kuma Annabi ya biya shi kuɗin sannan ya bar masa raƙuminsa. Ya yi addu'ar rahama ga mutumin da ke da sauƙin hali idan zai sayar, da idan zai saya, da idan zai karɓi bashinsa. Ya sanar da mu cewa masu ciniki biyu idan suka yi gaskiya suka bayyana aibi ana sa wa cinikinsu albarka, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya ana shafe albarkar. Ya hana mutum ya ƙara kuɗin kaya alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi wani, ya hana yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. Duk waɗannan ladubba an gina su ne a kan ciniki na fili, wanda idan an cuce ka kana da inda za ka kai ƙara, ko wurin Sarkin Kasuwa ne ko gaban alƙali.

To ka ɗauki wannan ma'auni ka ɗora shi a kan cinikin da ake yi a lungu da tsakar dare. Ba ka san wanda ya ƙera ta ba, ba ka san ko za ta tashi ko za ta fashe maka a hannu ba, ba ka da wurin gwada ta. Ba ka san ko ta mai sayarwar ce ko satowa aka yi ba, ba ka san jinin mutum nawa ke kanta ba. Waccan lambar shaida da na ambata, wadda ita ce ke ɗaure bindiga da sunan mai ita, sau da yawa ita ake fara gogewa. Idan ya karɓi kuɗinka ya ɓace, wa za ka gaya wa? Idan ya miƙa maka ita yau, gobe ya tsegunta wa jami'an tsaro, ko ya riƙa tatsarka da barazanar tona asiri, ina za ka kai kuka? Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma shi ne ainihin gararin da shari'a ta hana. A irin wannan ciniki mai saye ba shi da ƙarfin tayawa ko kaɗan, domin ƙarfin mai tayawa a kasuwa shi ne ikonsa na ya ce na fasa ya juya ya tafi shago na gaba. Wanda ya riga ya buɗe baki ya nemi haramtaccen makami ya miƙa wuyansa tun kafin a ambaci kuɗi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Imamul Bukhari ya ƙulla babi guda a cikin littafin ciniki na Sahihinsa a kan sayar da makami a lokacin fitina da wanin lokacinta, ya kuma ambata cewa sahabi Imrana ɗan Husaini (RA) ya ƙi a sayar da makami a lokacin fitina. Malaman Malikiyya, bisa ƙa'idarsu ta toshe ƙofar ɓarna, sun hana sayar da abin da aka san mai sayensa saɓo zai yi da shi, suka ba da misali da sayar da makami ga masu yaƙar Musulmi da 'yan fashi. Wani zai ce ai wannan hukunci ne a kan mai sayarwa, ni kuwa saye zan yi don in kare kaina. Amsa ita ce, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dillalin da zai kawo maka fistol ba kai kaɗai ba ne abokin cinikinsa. Hanyar da yake bi ita ce hanyar da makamai ke bi su isa dajin Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa, ko waɗanda suka malalo ta Sahara bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, ko waɗanda suka sulale daga ma'ajiyar hukuma, ko ƙirar maƙeran ɓoye. Kuɗin da ka ba shi jari ne, kuma da shi zai ƙaro hajar da gobe za a tare hanyar Kaduna da ita. Allah Ya umarce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, Ya hana mu taimakon juna a kan saɓo da ƙetare iyaka, ban kuma ga yadda za a fitar da wannan ciniki daga kashi na biyu ba.

Ina sane da cewa mai karatu zai iya cewa, malam, kana magana kamar wanda bai san halin da ake ciki ba. Na sani. A watan Nuwamban 2020 an sace ɗaliban sashen Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare, suka tafi da ɗalibai da malamai, ɗalibi guda ya rasa ransa. A 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Duk wanda ya kwana a unguwannin gefen Samaru a waɗancan shekaru ya san barci da kunne ɗaya. Tsoron ƙanena ba na banza ba ne, kuma ba zan raina shi ba. Addini ma bai ce ka miƙa wuya ga azzalumi ba, domin ya tabbata a hadisi cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne. Har shugabanni sun kai ga faɗin abin da yake faɗi: a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta ce mutane su nemi lasisin riƙe bindiga, sai dai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

To amma mu yi wa juna adalci, mu tambayi me fistol za ta yi a wannan hali. Makami ne na kusa, wanda ko a hannun ƙwararre amfaninsa bai cika wuce mita 50 ba. Masu zuwa da dare kuwa a kan babura suke zuwa, su goma ko ashirin, da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke kai wa mita ɗaruruwa. Ɗalibin da bai taɓa harbi ba, wanda ba shi da inda zai koya ba tare da ya tona wa kansa asiri ba, abin da zai ƙara a daren shi ne dalilin da za a fara da shi. Su kuwa sauran kwanakin shekara, da ba kowa ya zo ba, wa ke cikin mita 50 ɗin nan? Abokin ɗakinsa ne, da ƙanensa mai bincike a ƙarƙashin katifa, da wanda suka yi cacar baki a kan budurwa ko a kan ƙwallo, da shi kansa a ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ba daɗi duniya ta yi masa zafi. Wannan shi ne abin da adadin can na Amurka ke faɗa mana. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma faɗi dalili, cewa bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya faɗa ramin wuta. Ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo. Wannan fa a kan kibiya ne, wadda sai an ɗana ta an ja baka kafin ta tashi, ina ga abin da yatsa ɗaya ke tayarwa.

Ni a ganina, kuma ra'ayina ne, idan har tsaro ya koma hannun jama'a to ya koma ta ƙofar da aka san ta, a ƙarƙashin shugabanci da rajista da horo, yadda za a san wa ke riƙe da me, wa kuma za a tuhuma idan an yi ɓarna. Jihar Kaduna tana da hukumar 'yan sintiri ta KADVIS, Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Ba na cewa waɗannan sun kuɓuta daga kuskure, kuma duk wanda ya bibiyi tarihin rikicin Zamfara ya ji yadda ake danganta ruruwar wutar da kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba. Wannan ma hujja ce a gare ni, domin idan masu shugaba da inifom suna iya ƙetare iyaka, yaya wanda ba kowa ya san yana da makami ba sai shi da dillalinsa? Wanda yake ganin dokar 1959 ta tsufa, ya kamata a sassauta ta, yana da damar ya faɗa, ya rubuta, ya matsa wa ɗan majalisarsa lamba. Ra'ayi ne da masu hankali ke tattaunawa. Amma kafin a canza ta, biyayya ga shugabanni a abin da ba saɓon Allah ba wajibi ce, balle a dokar da manufarta tsare jini.

Wani abu da na lura da shi, kuma ina faɗarsa ne cikin ƙauna, shi ne ba tsoro kaɗai ke jan samarinmu ba. Akwai sha'awa. Bidiyon nan an shirya su ne da haske da kiɗa, a nuna maka ana ƙwanƙwasa ƙarfe yana shiga da ƙara mai daɗi, yau baƙin mariƙi gobe mai ruwan ƙasa, har ka ji kamar sabuwar waya ce ake buɗewa daga kwali. Da yawan masu yin su talla suke yi, ana biyansu. Ya kamata matashi Musulmi ya tsaya ya binciki zuciyarsa, shin kare iyali nake nufi ko kuwa so nake in ji nauyinta a ƙugu idan na shiga cikin abokai? Na yi wa ƙanena wannan tambaya, ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ni kuma ban matsa masa ba, domin ni ma na taɓa zama ɗan shekara ashirin.

Daren nan ba mu tashi ba sai da ya goge lambar mutumin a gabana, na kuma shawarce shi ya gaya wa mahaifinsa yadda aka yi, saboda wanda ya san kana nema ba lalle ya ƙyale ka don ka yi shiru ba. Ranar Asabar muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Sabon Gari. Mun sayo manyan ƙwaɗuna biyu da sakata ta ƙofar gidan da suke haya, da fitila mai aiki da hasken rana da za a kafa a bakin lungu, ya kuma yi mini alkawarin shi da abokan zamansa za su riƙa biyan kuɗin sintirin unguwa da suka daɗe suna zillewa. Na san ƙwaɗo ba ya tare harsashi, shi ma ya sani. A wurin mai fitilar ne na nuna masa abin da ya zo nema tun farko: na taya, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sake cewa albarka, muka yi kamar za mu wuce shago na gaba sai ya kira mu ya sallama, na nemi gyara ya ƙara mana usur guda biyu, ya rubuta mana rasit da sunan shagonsa a kai.